Keken gida: bakin mai faci, kasuwar waya, ko gyaran tsakar gida?

Ƴan uwa, matan asusu na Birni da Zongo da Sabon Gari da Garin Malam da Kara-Kara, da na karkara tun daga Mirriya har Magariya da Matamaye.  

Duk shekara in Oktoba ta kama aka koma lakwal, buƙatun rance sukan canza kama. Bayan kuɗin kaye da bik da tufafi, abin da ke biyo baya shi ne keke. Wata na son ta sayo wa ƴarta da ta samu shiga kolej, ga nisa. Wata kuma keken yana nan jingine a bayan ɗaki tun kafin damina, taya ta kwanta, kaca ta yi tsatsa, tana neman abin da za ta tayar da shi. Da an ajiye maganar a tsakiyar tabarma sai baki ya rabu uku. Wasu su ce a kai wa mai facin bakin hanya a huta. Ƴan mata masu babbar waya su ce ai sun ga kayan da araha a WhatsApp. Tsofaffin hannu kuma su ce me zai sa a riƙa zubar da kuɗi a kan abin da yaro zai iya gyarawa a tsakar gida?

Kowace na da tata gaskiyar. Abin da muke so mu yi yau shi ne mu raba aikin, mu gane wanne ne na mai faci, wanne ne na waya, wanne ne namu.

Keke jari ne

Tun 1991 da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maradi tare da ƙungiyar CARE, darasin farko bai canza ba: kuɗin da aka ranta ya kamata ya shiga abin da zai maido da kansa. Keke na cikin irin waɗannan abubuwa, in dai yana tafiya. Shi ke kai ƙosai da awara bakin tasha tun da ɗuminsu. Shi ke ɗauko bido daga famfon wata unguwa ranar da namu ya ƙafe, kuma duk mazaunin Damagaram ya san wannan ranar ba baƙuwa ba ce. Shi ke kai yarinya aji kafin a rufe ƙofa.

Ranar da ya tsaya kuwa, rancen ba ya tsayawa. Ranar biya na matsowa, kuɗin kabu-kabu na fita daga ribar sana'a, yarinya na makara. In makarar ta yi yawa sai a fara jin maigida na cewa, to, ta zauna mana, karatun nan wahalarsa ta yi yawa. Ƴan mata nawa ne karatunsu ya tsinke a kan abin da bai kai kuɗin turmin atamfa ba? Shi ya sa ba ma ɗaukar wannan magana da wasa.

Abin da ke kashe keke a ƙasarmu

Abu huɗu ne, kuma duk mun san su.

Na farko rairayi da ƙurar hunturu. In suka haɗu da man da ke jikin kaca sai su zama kamar dutsen niƙa, suna cin kacar da haƙoran da take bi a hankali. Na biyu ƙaya: tsidau da ke shimfiɗe a ƙasa, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa a hanyar gona. Na uku rana. Roba ba ta son zafin bazara. Keken da ke wuni a rana tayarsa kan tsattsage ko da ba a hau shi sosai ba. Na huɗu kaya. Bido mai lita 25 nauyin ruwansa kilo 25 ne. Kariyar yawancin ƙananan kekunan birni kusan iyakarta ke nan, amma sai ka ga an ɗaura biyu, an rataya biyu. Daga nan wayoyin ƙafar baya su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafa ta karkace.

Uku daga cikin huɗun nan a gida ake maganinsu, ba a shago ba. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bakin mai faci

Damagaram ba baƙuwar aikin hannu ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, maƙeran garin nan har igwa suka ƙera, aikin dukawanmu kuma ya yi suna nesa. Mai facin da ke zaune ƙarƙashin bedi da kwanon ruwa da famfo magajin wannan zuriya ne, ko da ba ya faɗa.

Abin da yake da shi wanda waya ba ta da shi shi ne ido da hannu. Yana ganin keken, yana gwada kayan a jikinsa kafin ki biya. In bai zauna ba a cire a sa wani nan take. In bayan kwana biyu abu ya saki, kin san inda yake zama, kin san maƙwabtansa, wataƙila ma matarsa ƴar wani asusun ce. Sau da yawa yakan yi haƙuri da kuɗi har ranar kasuwa. A yau za a gama, gobe yarinya ta hau.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wanda zai bar wa ƙaramin yaron shago aikin birki. Akwai wanda zai sa kaya mai araha ya karɓi kuɗin mai kyau. Maganin wannan ba faɗa ba ne, tsari ne:

Ki je da kanki karon farko, ko ki aiki babba. In aka ga yaro shi kaɗai da kuɗi a hannu, aikin kan zama na yaro.

A gama magana kafin a taɓa kile. Ki ce, «Malam, nawa ne kayan, nawa ne aikin hannunka?» A raba su biyu. Wanda ya ƙi rabawa akwai abin da yake ɓoyewa.

Ki tambaya, «Iri nawa ne a kasuwa?» Kusan kowane kaya akwai mai ƙwari akwai mai araha. Ki ga dukansu, ki zaɓa da saninki.

A ba ki tsohon kayan da aka cire. Shi ne shaidar an canza, kuma tsohon tubu na da amfani a gida.

A hau a zagaya a gabansa, a matsa birki biyun, sannan a biya.

In kina son sanin farashi, ki bi ta rumfunan kayan keke a kasuwar Dole ranar Alhamis ki tambayi mutum biyu ko uku. Tambaya ba ta cin ko dala.

Kasuwar waya

A nan wajenmu in an ce an saya ta intanet, yawanci hoto ne aka gani a WhatsApp ko Facebook ko TikTok. Mai kayan na Kano ko Yamai ko Lome, wani ma yana cewa daga Guangzhou ta ƙasar Sin zai yo oda. A tura kuɗi ta NITA ko Amana ko Al Izza ko ta waya, shi kuma ya sa kayan a motar fasinja, a je tasha a karɓa.

Akwai ƴan kasuwa na gaskiya a wannan hanya, wasunsu ma ƴan uwanmu ne mata, kuma akwai abin da sai ta nan ake samunsa. Amma farashin da ke ƙarƙashin hoto ba shi ne farashi ba. Akwai ladan turawa. In da naira ne akwai canji, kuma naira ta kasa zama wuri ɗaya tun 2023, abin da aka faɗa miki Litinin ba lalle ya kai Juma'a ba. Akwai kuɗin mota: Kano kimanin kilomita 240 ce daga nan, Yamai kusan 900. In kayan zai tsallako iyaka akwai duwan. Akwai kabu-kabu zuwa tasha da dawowa. Sabon keke kuma cikin kwali yake zuwa, ba a gama haɗa shi ba, dole dai a koma wurin mai facin nan da aka guje wa.

Sai maganar hanya. Mun gani da idonmu lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Mun sake gani bayan 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO ya rufe hanyoyi har cikin 2024. Wadda kuɗinta ya riga ya tafi, kayanta na can ƙetare, sai dai ta zuba ido. Mai rumfa a Dole ma yana jin wannan zafin, amma shi abin da ke rataye a rumfarsa kina iya ɗauka yau.

Babban haɗari kuwa shi ne cinikin biri a sama. Masu tura kuɗi aikinsu su isar da shi ga sunan da kika ba su, kuma suna isarwa. Da zarar mutumin ya karɓa, babu mai maido miki. Ga alamun da in kika gan su ki ja da baya: farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa, ana gaggauta ki, wai saura ɗaya, an ce sai kin biya duka tukuna, sunan da za a tura wa ya bambanta da na mai magana, an ƙi kiran bidiyo. Ki ce masa, «Alhaji, kira ni ka nuna mini kayan a hannunka, ka juya shi in ga lambar.» Mai kaya ba ya jin haushin wannan. Kuma lambar sirrin wayarki, ko wadda aka aiko miki ta saƙo, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake.

Tsohon keke mai araha fiye da kima, ko a waya ko a bakin hanya, a yi hattara da shi. In na sata ne, ranar da mai shi ya gane abinsa a ƙofar lakwal, keke ya tafi, kuɗi sun tafi, ga zuwa gaban hukuma. A saya gaban shaidu, a rubuta.

Lambar da ke jikin taya

Ga wani ilmi da zai tsare mana kuɗi ko ta wace hanya muka saya. Kowace taya akwai lamba a gefenta, an zana ta cikin robar. Mutane kan ce «taya 26» ko «taya 28» su tsaya nan, kuma nan ake faɗawa rami.

Manyan baƙaƙen kekunan nan irin na iyayenmu, samfurin Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin da Hero na Indiya, yawanci tayarsu 28 x 1 1/2 ce. Amma kekunan Turai da yawa ma ana rubuta musu 28, alhali ƙarfen ƙafarsu ya fi ƙanƙanta. Haka 26: ta tsofaffin kekunan Japan masu kwando yawanci 26 x 1 3/8 ce, ta masu faɗin taya da giya kuma 26 x 1.95 ko kusa da haka. Duk 26 ne a baki, amma wannan ba ta shiga ƙafar waccan ko za a kwana ana turawa.

Abin dubawa shi ne wata lamba mai gida biyu da tsaga a tsakani, kamar 40-635 ko 37-590. Ukun ƙarshe su ne faɗin ƙarfen ƙafa da milimita. Babban baƙin keke 635 ne, 28 ta Turai 622, 26 ta Japan 590, 26 mai faɗi 559. In ukun ƙarshen suka yi daidai da na tsohuwar tayarki, za ta shiga. In suka saɓa, ba ta shiga.

Bakin tubu ma iri uku ne: na tsohon yayi mai ƴar roba a ciki, mai kauri irin na mota da moto, da siriri mai ɗan murfin juyawa. Dole ya dace da hujin ƙarfen ƙafa da kuma famfon da ke gida. Kaca ita ma biyu ce, mai kauri ta keke marar giya da siririya ta mai giya. Kafin a sayi komai a ɗauki hoton lambar da waya, ko a rubuta ta a bayan littafin zubi.

Gyaran tsakar gida

Wata za ta ce, ni mace ina ni ina kile? To ƴar uwa, wa ke zuba wa keken ɗinki mai? Wa ke warware injin taliya ta wanke ta mayar? Hannun da ya iya waɗannan ya iya wancan. Sunansu ma ɗaya, keke da keke.

Kayan aikin ba su da yawa: famfo, kile biyu ko uku daidai da notocin keken, sukundireba, sholisho da ƴan faci, guntun sanfefa, tsumma, tsohon buroshin haƙori, da ɗan kwalbar mai. Cokali biyu masu ƙwarin hannu marasa kaifi na iya ɓanɓaro taya.

A haɗa duba keke da ranar zubi, don kada a manta. Kafin ki fito taro, ke da mai hawan keken ku yi abu biyar.

Ku matsa taya da babban yatsa. In ta lotsa a ƙara iska. Taya mai ƙarancin iska in ta daki dutse, kuma ga duwatsu a Birni, ƙarfen ƙafa kan cije tubu ya yi huji biyu jere kamar saran maciji. Yawancin facin da muke biya daga nan yake.

Ku juya taya a hankali ku cire ƙayar da ta maƙale kafin ta nutse.

Ku goge kaca da buroshi da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a juya feda, sannan a goge na waje tas. Man da ake buƙata na cikin gaɓoɓin kaca ne, na waje ƙura kawai yake kira. Man keken ɗinki ya yi, sabon man inji ma ya yi. Man gyaɗa kuwa yana daskarewa ya yi danƙo, a bar shi a tukunya. Kuma mai kada ya taɓa robar birki ko gefen ƙarfen ƙafa.

Ku matsa birki biyun ku tura keken. In ya wuce, ko robar ta cinye har ƙarfe na neman taɓa ƙarfe, ba a hawa ranar.

Ku ɗaga keken ɗan kaɗan ku sake shi ƙasa. Duk abin da ya yi ƙara, noti ne ya saki, a ɗaure.

Sai wurin ajiya: inuwa, ba rana ba, ba kuma ƙarƙashin indararo ba.

Faci ma ba gagara ba ne. A fito da tubu, a hura, a tsoma cikin kwanon ruwa har a ga inda kumfa ke fita. A busar, a goge wurin da sanfefa, a shafa sholisho siriri. Sirrin yana nan: a jira kamar minti biyar har ya daina sheƙi, sannan a manna faci a danne sosai. Masu gaggawa su ne facinsu ke ɗagowa. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da tsumma a hankali a nemo ƙayar da ta yi ɓarnar, in ba haka ba za ta sake hudawa kafin a kai bakin titi.

Amma gida na da iyaka. Ƙafar da ta karkace, wayoyin da suka tsinke, boris da ke ƙara a cibiyar ƙafa ko wajen feda, giya da ke tsalle, ƙarfen gaba da ya lanƙwashe bayan faɗuwa, tsagewar da ke son walda, birkin da aka ɗaure ya ƙi kamawa: duk waɗannan na mai faci ne. Abin da rai ya rataya a kansa ba a koyon aiki da shi. Ƴaƴanmu na raba kwalta da manyan motocin da ke bin hanyar Tanut da ta Yamai, birkinsu ba wurin tsimi ba ne.

Mu buga lissafi

Waɗannan lambobi na misali ne, kowace ƙungiya ta sa farashin unguwarta a madadinsu.

A ce taya ta mutu. Wurin mai faci jika 5 ce, aikin hannu dala 60. Jimla jika 5 da dala 60, kuma yau za a hau.

A waya an ga irinta jika 3 da rabi. Ladan turawa dala 40, kuɗin mota jika 1, kabu-kabu zuwa tasha da dawowa dala 100, sawa dala 60. Jimla jika 5 da rabi. Tun nan arahar ta gudu. Sannan a ce kwana biyar ana jira, kullum yarinya na cin dala 80 a kabu-kabu, jika 2 ke nan. Tayar jika 3 da rabi ta koma jika 7 da rabi, in ma ta zo daidai da ƙafar.

Yanzu a ce ƙungiya ce ta haɗu ta sayi guda 10 wurin ɗan kasuwar da aka sani, tun kafin a buƙace su. Jika 35, turawa dala 100, mota jika 3, tasha dala 100. Jimla jika 39, kowace taya ta tashi jika 3 da dala 180. An rage jika 1 da dala 20 a kan kowace, babu kuma ranar jira ko ɗaya.

Kun ga inda zancen ya kwana. Sayen nesa na biya ne in kayan na da yawa, an san lambarsu, an san mutumin, kuma ba a matse ake ba. Guda ɗaya cikin gaggawa, na kusa ya fi. Kafin ma a aika nesa, a gwada kai wa mai rumfa a Dole maganar guda 10, a ji abin da zai rage.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari huɗu da muke so a tattauna a taro.

Ɗaya, akwatin kayan gyara na ƙungiya. A sayi famfo mai kyau da kile da sauransu sau ɗaya, a ajiye wurin mace ɗaya, a rubuta mai ɗauka da ranar maidowa, da ƴar tara ga wadda ta makara, kamar yadda muke yi wa zubi.

Biyu, a zaɓi mai faci ɗaya da aka yarda da amanarsa. Shugaba da ma'ajiya su je su same shi a yi magana: kekunan ƴan ƙungiya duka wurinsa, shi kuma ya tsayar da farashin aikin hannu, ya duba kowane keke sau biyu a shekara, kafin komawa lakwal da bayan hunturu. Wata za ta ce in muna faci a gida ai mun tare masa abinci. A'a. Ƙananan faci ne za su ragu, manyan ayyuka na gida ashirin ko talatin kuma su zama nasa shi kaɗai. Ba ya ƙi.

Uku, ƙa'idar rance. Duk wadda ta ranci kuɗin keke, a ware kashi ɗaya cikin goma a bar shi cikin asusu da sunanta don gyaran shekarar farko. Kuma kuɗin rance ba a tura shi ga wanda babu ko mace ɗaya cikin ƙungiya da ta san shi ido da ido. In dole sai daga nesa, a bi ta hannun ɗan uwa ko ɗan kasuwar da ke zuwa can, ya gani ya taɓa, ko a biya bayan kaya sun iso. In kuɗin suka salwanta, ba na mace ɗaya ba ne, zubin kowa ne.

Huɗu, a koya wa yara, mata da maza. A roƙi mai facin nan ya zo wata Lahadi da yamma ya nuna musu faci da ɗaurin birki, a ba shi ladansa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005 take raba kekuna masu ƙwari da ake kira Buffalo a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi, ba ta tsaya ga rabawa ba, tana horar da masu gyara a yankunan da kekunan suka je, don ta san keke marar mai gyara kwanansa kaɗan ne. A Wagadugu ta Burkina Faso kuma mata kan keke da goyo da kayan kasuwa ba abin kallo ba ne. Yarinyar da ta iya facin kekenta ba ta tsayawa a bakin hanya da magariba tana jiran wanda zai taimaka mata. Duk uwa ta san darajar wannan.

Masu moto a gida, rabon aikin bai canza ba. Iska, tsaftar kaca da duba man inji na gida ne. Inji da birki da wuta na makanike ne. Moto kuma ba a sayensa daga hoto, ba a sayensa babu takardu.

Aikin gida

Kafin taro mai zuwa, kowace mai keke a gidanta ta duƙa ta karanto lambar da ke jikin taya, ko ta sa ɗan lakwal ya rubuto mata. A kawo wa magatakarda ta jera su cikin littafi: sunan mai keke, lambar taya, irin bakin tubu, da abin da ke damunsa yanzu. Daga wannan jerin za mu san nawa ke tafiya, nawa ke jingine, wace lamba ce ta fi yawa, da abin da ya cancanci a saya tare. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da yadda ta kaya, mu baza wa saura a fitowa ta gaba.

Allah ya sa albarka cikin zubinmu, ya tsare mana ƴaƴanmu a kan hanya, ya kai su aji ya maido su lafiya. Sai mun sake haɗuwa.